Yadda Ake Zaɓen Kamfanin Intanet na Faiba Zalla ga Mai Zama a Birtaniya

Duk wanda ya sauka a Birtaniya da niyyar zama, ɗalibi ne ko likita ko ma'aikaciyar jinya ko magidanci da aiki ya kawo shi, yakan tarar cewa bayan kama gida da buɗe asusun banki, abu na uku da ke jiransa shi ne jawo intanet. A Najeriya ko Nijar yawancinmu mun saba da sayen data a waya, idan ta ƙare a sake saye, idan layi ya ƙi a koma wani, babu wanda ya ɗaure wani. A nan kuwa intanet ɗin gida kwantiragi ne da ake sa wa hannu, galibi na wata 18 ko 24, kuma wanda ya yi gaggawa zai zauna da abin da ya zaɓa har wa'adi ya cika, in ba haka ba ya biya tarar fita. Tallace-tallacen kamfanoni duk a kan lambar gudu suke ɗaga murya, alhali abubuwa biyu da suka fi ta muhimmanci, wato wace waya ce ta shigo gidanka da kuma me ke rubuce a takardar yarjejeniya, sai mutum ya nema da kansa. Matakan da ke ƙasa an jera su ne bisa yadda ya kamata a bi su, domin kowane ɗaya yana rage yawan kamfanonin da za ka duba a na gaba.

Mataki na farko: ka san abin da ake kira faiba zalla

Faiba wani siririn zaren gilashi ne mai kaurin gashin kai, wanda ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske maimakon lantarki. Shekara da shekaru ana sayar wa mutane a Birtaniya intanet da sunan faiba alhali zaren bai iso gidajensu ba. Iyakarsa koren akwatin nan da ake gani a bakin titi, daga nan kuma sai tsohuwar wayar tarho ta jan ƙarfe ta ƙarasa zuwa gida. Wannan shi ake kira FTTC, kuma a layukan Openreach, kamfanin da ke da layuka mafi yawa a ƙasar, gudunsa ba ya wuce megabit 80 a daƙiƙa na saukewa da 20 na ɗorawa, sannan gwargwadon nisan gidanka da akwatin, gwargwadon yadda gudun zai ragu. Faiba zalla, wadda za ka ga an rubuta Full Fibre ko FTTP a takardun kamfanoni, ita ce wadda zaren ke shigowa har cikin bangon gidanka ba tare da jan ƙarfe a tsakani ba. Nisa ba ya rage mata ƙarfi yadda yake rage wa tsohuwar waya, ruwan sama da tsatsa ba su cika damunta ba, shi ya sa lalacewarta ta fi ƙaranci.

Tun ranar 16 ga Satumban 2024 hukumar Ofcom, wadda ke kula da harkar sadarwa a ƙasar, ta umarci kamfanoni su daina amfani da kalmar faiba ita kaɗai wajen bayyana wa mai saye irin layin da zai samu, kuma su faɗa masa a fili ko faiba zalla ce, ko rabi da rabi, ko kebul, ko jan ƙarfe. Saboda haka kana da haƙƙin ganin wannan bayani kafin ka sa hannu. Idan ba ka gan shi ba, ka tambaya a rubuce. Akwai kuma abin lura game da Virgin Media: yawancin tsofaffin layukanta kebul ne irin na talabijin, wanda ke da gudu sosai wajen saukewa amma ba faiba zalla ba ne, sai dai a unguwannin da aka shimfiɗa sabon layi ko aka sabunta tsohon. Sunan kamfani ɗaya ne, wayar kuwa ta bambanta daga unguwa zuwa unguwa.

Mataki na biyu: ka fara da adireshinka, kafin sunan kowane kamfani

Wannan shi ne wurin da baƙo ya fi ruɗewa, domin kamfanin da ke karɓar kuɗinka sau da yawa ba shi ne mai wayar ba. Openreach, wanda mallakin rukunin BT ne, shi ke da layuka mafi yawa a ƙasar, amma ba ya sayar wa mutum ɗaya kai tsaye. Dillalai ne ke saye a wurinsa su sayar maka, irin su BT da EE da Plusnet da Sky da TalkTalk da Vodafone da Zen. Idan ka bar ɗaya daga cikinsu ka koma wani a kan layin Openreach, zaren da ke bangonka bai canza ba, kuma injiniyan da zai zo gyara idan ya tsinke na Openreach ne ko ma wane dillali ka zaɓa. Abin da ya canza shi ne farashi, da rautar da aka ba ka, wato na'urar da ke rarraba waifai a gida, da yadda ake amsa maka waya idan ka kira da kuka.

CityFibre ma haka yake aiki, yana shimfiɗa nasa layin a birane da dama, wasu kamfanoni kamar Vodafone da TalkTalk da Zen su sayar a kai. Sannan akwai waɗanda su ne masu layin kuma su ne masu sayarwa. Hyperoptic ya fi ƙarfi a manyan benaye masu ɗakunan haya da yawa, Community Fibre a Landan da kewayenta yake, Gigaclear ya fi karkata ga ƙauyuka, birnin Hull kuwa tun asali yana da nasa kamfanin, KCOM, wanda ba na BT ba ne.

Abin yi shi ne ka ɗauki lambar yankinka ta gidan waya, wadda suke kira foskod, tare da lambar gida, ka shigar a ma'aunin da ke shafin Ofcom, sannan a na Openreach, sannan a na CityFibre da Virgin Media da duk wani ƙaramin kamfani da ka ga tallarsa a unguwa. Kada ka tsaya a kan foskod kaɗai, domin ana iya samun faiba a gida mai lamba 12 a rasa a mai lamba 14, musamman a benaye. Kada kuma ka dogara da shafukan kwatanta farashi su kaɗai, domin suna samun kamasho ne daga kamfanonin da suka jera, kuma ba kowane ƙaramin kamfani suke nunawa ba. Bayan haka ka zagaya cikin gidan ka duba bango, galibi kusa da ƙofar shiga ko a falo. Idan ka ga ƙaramin akwati manne da bango mai ƙananan fitilu da sunan wani kamfani a jikinsa, to wanda ya zauna kafin kai ya riga ya jawo faiba, kuma idan ka zaɓi dillalin da ke kan wannan layin mai yiwuwa a kunna maka ba tare da huda bango ko jiran injiniya ba.

Daga nan sai ka ƙwanƙwasa wa maƙwabci ka tambaye shi wane kamfani yake amfani da shi da kuma sau nawa ya taɓa yanke masa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma amsar maƙwabcin da ke kan layi ɗaya da kai ta fi ra'ayin mutum ɗari da ke wani gari.

Mataki na uku: izinin mai gida

Idan haya kake kuma ba a taɓa jawo faiba gidan ba, sai an huda bango, don haka sai ka nemi izinin mai gida ko ejan ɗinsa, kuma ka karɓe shi a rubuce, ko da saƙon imel ne, ka adana saboda ranar da za ka tashi a zo lissafin kuɗin ajiyarka. A benaye lamarin ya fi haka tsawo, domin kamfanin sai ya ƙulla yarjejeniyar ratsa waya da mai ginin gaba ɗaya, abin da kan ɗauki watanni kuma ba ya hannun ɗan haya. Idan babu wannan yarjejeniya a ginin da kake, ka cire kamfanin daga lissafinka ko da kuwa wakilinsa ya ce maka ana dab da gamawa.

Mataki na huɗu: gudun da gidanka ke buƙata

Ana auna gudu da megabit a daƙiƙa, kuma megabit takwas ne ke yin megabait ɗaya, don haka layin megabit 100 yana sauke kimanin megabait 12 a daƙiƙa. Netflix da kansa ya ce megabit 5 sun isa kallon hoto mai kyau, 15 kuma sun isa mafi tsafta da ake kira 4K. Kiran bidiyo na Zoom mai cikakken haske bai kai megabit 4 ba. Idan ka lissafa gida mai mutum biyar, uba yana taro ta bidiyo, uwa tana hira da 'yan uwa a Kano ko Damagaram ta WhatsApp, yara biyu suna kallo, ɗaya yana wasan kwamfuta, da wuya jimillar ta kai megabit 60 a lokaci guda. A ganina megabit 100 zuwa 150 na faiba zalla sun wadatar da yawancin iyalai, 300 zuwa 500 kuma sai gidan da 'yan haya da yawa ke rabawa ko wanda ake sauke manyan wasanni a kai a kai. Megabit 900 abin sha'awa ne a takarda, amma mafi yawan wayoyin hannu da kwamfutocin da ke kan waifai ba za su taɓa ganin wannan lamba ba, sai ka tarar kana biyan kuɗin abin da na'urarka ba ta iya ɗauka.

Lambar da ake mantawa da ita ita ce ta ɗorawa. A layin Openreach ba ta kai ta saukewa ba: tsarin megabit 150 yakan zo da kusan 30 na ɗorawa, na 900 kuma da ɗari da 'yan kai. A layin CityFibre da na ƙananan kamfanoni da yawa kuwa ana samun biyun daidai wa daida. Ga mai kallo kawai wannan bai dame shi ba, amma ga mai ɗora bidiyo a YouTube, ko mai karantarwa kai tsaye, ko ɗalibin da ke tura manyan bayanan bincike zuwa kwamfutar jami'a, wannan lamba ta fi ta saukewa amfani, kuma ita kaɗai tana iya sa a fifita wani kamfani a kan wani.

Ka kuma san cewa tun 2018 gudun da ake tallatawa matsakaici ne, wanda aƙalla rabin masu amfani ke samu tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare. Wanda ya shafe ka shi ne mafi ƙarancin gudun da aka lamunce maka a rubuce lokacin saye. Kamfanonin da suka sa hannu a ƙa'idar gudu ta Ofcom sun yarda cewa idan layinka ya faɗi ƙasa da wannan lamba kuma suka kasa gyarawa cikin kwana 30, kana iya fita ba tare da tara ba. Shiga wannan ƙa'ida na ganin dama ne, saboda haka ka tambaya ko kamfanin yana ciki.

Mataki na biyar: ka lissafa kuɗin kwantiragin gaba ɗaya

A nan ya kamata a zauna da biro da takarda. Farashin da ke rubuce da manyan haruffa a talla na watannin farko ne kawai. Yawancin manyan kamfanoni suna ƙara kuɗi duk shekara a ƙarshen Maris ko farkon Afrilu, ko da kana tsakiyar kwantiragi. A da ana ɗaure ƙarin ne da hauhawar farashi, a ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai, har ta kai a 2023 masu hulɗa da wasu manyan kamfanoni suka ga ƙarin kashi 14.4 cikin ɗari a tashi ɗaya, abin da babu wanda ya iya hasashensa ranar da ya sa hannu. Daga ranar 17 ga Janairun 2025 Ofcom ta hana wannan a sababbin kwantiragi, ta ce dole a rubuta ƙarin a ƙididdige, fam kaza a wata daga rana kaza. Ƙarin bai gushe ba, amma yanzu ana iya lissafa shi tun daga farko, kuma wanda bai lissafa ba shi ya so.

Ga misali na ƙirƙira don a ga yadda ake yi. A ce kamfani na ɗaya yana neman fam 25 a wata na wata 24, da ƙarin fam 4 kowane Afrilu, kuma ka fara a Oktoba. Wata shida na farko za ka biya fam 150. Wata goma sha biyu na gaba a kan fam 29, wato fam 348. Wata shida na ƙarshe a kan fam 33, wato fam 198. Jimilla fam 696. Kamfani na biyu yana neman fam 28 a wata amma ya yi alkawarin ba ƙari har ƙarshe, jimillarsa fam 672. Ko da an ɗora masa fam 20 na haɗawa, ya tsaya a 692. Wanda ya fi tsada a talla shi ne ya fi sauƙi a aljihu. Da yawa daga ƙananan kamfanoni suna amfani da tsayayyen farashi don jawo mutane, kuma wannan dalili ne mai kyau na duba su.

A cikin lissafin ka haɗa da kuɗin haɗawa da na aiko da rauta, ka cire darajar katin sayayya idan an yi maka alkawarinsa. Sai dai irin wannan kati yawanci ba ya zuwa da kansa, sai ka nema ta wata hanya cikin ƙayyadadden lokaci, kuma mutane da yawa sukan manta har ya wuce. Ka duba nawa za a riƙa cajinka bayan wa'adi ya ƙare, domin a nan ne farashi kan yi tsalle. Ka kuma yi hattara da abubuwan da ake liƙa maka kyauta na wata uku, kamar tashoshin talabijin ko manhajar tsaro, waɗanda ke komawa na kuɗi idan ba ka soke ba.

Akwai tsari mai rangwame ga masu karɓar tallafin gwamnati irin su Universal Credit da Pension Credit, wanda ba shi da tarar fita. Amma mafi yawan masu bizar karatu ko ta aiki an rubuta musu cewa ba su da damar cin tallafin gwamnati, don haka wannan ya fi shafar waɗanda suka daɗe suka samu izinin zama na dindindin. Idan akwai dattijo ko mai ƙaramin ƙarfi a cikin 'yan uwa da ke karɓar irin wannan tallafi, yana da kyau a sanar da shi, domin kamfanoni ba su cika tallata tsarin ba.

Mataki na shida: tsawon kwantiragi da tsawon zamanka

Doka ba ta yarda kwantiragin mutum ɗaya ya wuce wata 24 ba, kuma mafi arha kusan kullum shi ne mafi tsawo. Amma araha ba ta ado idan digirin da ka zo yi na shekara ɗaya ne, ko kana sa ran za a mayar da kai wani asibiti a wani gari bayan wata shida. Tarar fita galibi ita ce kuɗin watannin da suka rage, a ɗan rage wani abu. Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami a shekarata ta farko: na ɗauki na wata 24 saboda bambancin 'yan fam kaɗan, mai gida ya sayar da gidan bayan wata goma, inda na koma kuma kamfanin ba shi da layi, sai da na biya abin da ya ninka rangwamen da na yi murnar samu.

Saboda haka kafin ka sa hannu ka yi tambaya uku, kuma ka nemi amsar a rubuce. Idan na tashi zuwa inda kuke da layi, za ku mayar mini ba tare da sabon kwantiragi ba? Idan na tashi zuwa inda ba ku da layi, za ku yafe tarar? Idan na bar ƙasar fa? Amsa ta bambanta daga kamfani zuwa kamfani, kuma a nan dillalan Openreach ke da rinjaye, domin da wuya ka koma inda babu layinsu, saɓanin ƙaramin kamfanin da ke gari biyu ko uku. Wanda bai da tabbacin zamansa ya nemi na wata 12, ko na wata-wata irin wanda Hyperoptic da wasu ke bayarwa, ko da ya fi tsada kaɗan. Idan kuma gidan na haɗaka ne, ka tuna wanda sunansa ke kan takarda shi ke ɗauke da bashin ko da sauran sun watse.

Yawancin kamfanoni suna binciken tarihin biyan bashin mai saye, kuma suna buƙatar asusun bankin Birtaniya da za su riƙa cirar kuɗi kai tsaye. Sabon zuwa ba shi da irin wannan tarihi, don haka idan wani ya ƙi ka kada ka ɗauka wani laifi ka yi, amma kada ka bi kamfanoni biyar a rana ɗaya kana nema, domin yawan bincike a ɗan lokaci yana iya barin tabo a tarihin naka.

Mataki na bakwai: halin kamfani ranar da abu ya lalace

Kowane wata uku Ofcom tana fitar da jerin yawan ƙorafin da aka kai mata a kan manyan kamfanoni, a kan kowane mutum dubu ɗari. Ka duba na zango uku ko huɗu a jere, domin na zango ɗaya yana iya yaudara. Ƙananan kamfanoni ba sa cikin jerin, a kansu sai ka koma ga maƙwabta da ra'ayoyin mutane, kuma a can ka fi mai da hankali ga abin da aka rubuta bayan lalacewa, ba yabon ranar haɗawa ba.

Ka tambaya ko kamfanin yana cikin tsarin biyan diyya kai tsaye da aka fara a Afrilun 2019. A ƙarƙashinsa ana biyanka idan layi ya mutu ba a gyara ba bayan cikakkun ranakun aiki biyu, ko injiniya ya saɓa alkawari, ko aka jinkirta ranar kunnawa. An fara da fam 8 a rana na lalacewa, 25 na saɓa alkawari, 5 a rana na jinkiri, kuma ana ɗaga adadin kowane Afrilu. Haka nan kowane kamfani dole ya kasance ƙarƙashin ɗaya daga cikin masu sasanci biyu, Communications Ombudsman ko CISAS, waɗanda za ka kai wa ƙara kyauta idan kun kasa daidaitawa.

Mataki na takwas: rauta da wayar tarho

Yawancin kukan da ake yi da faiba ba laifin zaren ba ne, laifin waifai ne. Tsofaffin gidajen Ingila na jan bulo ne mai kauri, dogaye kuma sirara, sai ka ga rauta tana falo a ƙasa ɗakin sama na baya ba ya samun komai. Ka tambaya wace irin rauta za a ba ka, ko ana bayar da ƙarin na'urar faɗaɗa waifai da nawa ake caji a kanta duk wata, da kuma ko an yarda ka sa taka. Sau da yawa sayen na'urar faɗaɗawa sau ɗaya ya fi sauƙi a kan hayarta na wata 24. Ka adana kwalin rautar, domin kamfanoni da dama aro suke bayarwa kuma suna cajin wanda bai mayar ba.

Mai son sa kyamarar tsaro da zai riƙa leƙawa daga waje, ko mai wasan kwamfuta da wasu, ya tambaya ko kamfanin yana haɗa gidaje da yawa a kan adireshin intanet ɗaya, tsarin da ake kira CGNAT, da kuma kuɗin samun nasa shi kaɗai. Sauran mutane ba sai sun damu da wannan ba.

Tsohon layin tarho na ƙasar an tsara rufe shi a ƙarshen Janairun 2027, kuma a faiba zalla tarhon gida ta rauta yake bi. Ma'ana idan wuta ta ɗauke shi ma ya mutu, har da kiran gaggawa na 999. Ɗauke wuta ba kasafai ba ne a nan, amma idan akwai tsoho ko marar lafiya a gidan da ya dogara da tarhon ko da na'urar neman agaji, ka faɗa wa kamfanin tun kafin haɗawa, domin wajibi ne ya samar wa irin wannan mutum hanyar kiran gaggawa ta aƙalla awa ɗaya.

Mataki na tara: yin oda, ranar haɗawa da gwaji

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ka yi oda da zarar ka san ranar shiga gida, domin samun injiniya kan ɗauki mako biyu ko fiye. Kafin ka amince dole a ba ka taƙaitacciyar takardar kwantiragi mai ɗauke da farashi da gudu da tsawon wa'adi da sharuɗɗan fita. Ka gwada ta da lissafin da ka yi. Idan mai talla ne ya ƙwanƙwasa maka ƙofa, ka karɓi takardarsa ka ce za ka duba, kada ka sa hannu a tsaye.

Idan kana da wani kamfani a yanzu, kada ka kira shi ka soke. Tun 12 ga Satumban 2024 akwai tsarin da ake kira One Touch Switch, inda sabon kamfani kaɗai za ka tuntuɓa, shi zai sanar da tsohon, tsohon kuma ya aiko maka da bayanin tarar da ke kanka idan akwai, kuma ba za a caje ka kuɗin wa'adin sanarwa bayan ranar canji ba. Idan ka soke da kanka kana iya zama kwanaki babu intanet, kana kuma iya rasa lambar tarhonka.

Ranar haɗawa sai an samu wanda ya kai shekara 18 a gida, kuma aikin kan ci awa biyu zuwa uku. Injiniya zai jawo zaren daga turken waya ko ta ƙarƙashin ƙasa, ya manna akwati a waje, ya huda bango, ya manna na ciki wanda ke buƙatar soket, rauta ma tana buƙatar nata. Tun kafin ya iso ka yanke shawarar inda kake so, wuri mafi kusa da tsakiyar gida, a sarari, ba bayan talabijin ko cikin kabad ba, domin matsar da akwatin daga baya sai an sake kiran injiniya kuma da kuɗi. Kada ka bar shi ya tafi sai ka ga fitilun sun tsaya kuma ka buɗe shafi da kanka. Zaren da ke shiga akwatin kada a lanƙwasa shi ko a danne da kujera, gilashi ne.

Wanda ya saya ta intanet ko ta waya ko a ƙofar gida yana da kwana 14 na fasawa ba tare da tara ba, sai dai zai biya abin da ya riga ya yi amfani da shi, wani lokaci har da kuɗin haɗawa. Ka tambaya daga wace rana ake fara ƙirga su, domin a wasu kamfanoni daga ranar oda ne, kuma suna iya ƙarewa kafin a kunna layin. Da zarar an kunna, ka haɗa kwamfuta da rauta ta waya, ba ta waifai ba, ka gwada gudu da safe da kuma tsakanin ƙarfe 8 zuwa 10 na dare har kwana uku, kana ɗaukar hoton sakamakon. Idan tsarinka na megabit 1000 ne kuma ka ga abin ya tsaya wajen 940 ko ƙasa kaɗan, iyakar mashigar wayar ke nan, ba matsala ba ce. Idan kuwa ya gaza abin da aka lamunce maka, ka kai ƙorafi a rubuce a ranar, domin daga nan kwana 30 ɗin gyara za su fara ƙirguwa.

Abu na ƙarshe shi ne ka rubuta ranar ƙarewar kwantiragi a kalandar wayarka, da tunatarwa wata ɗaya kafin nan. Kamfani zai aiko maka da sanarwa tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin ranar, amma takan ɓace cikin tarin imel. Idan lokacin ya zo, ka sake shigar da adireshinka a ma'aunan nan na mataki na biyu, domin cikin shekara biyu mai yiwuwa wani kamfanin ya shimfiɗa layi a titinku, sannan ka kira naka da farashin abokin hamayyarsa a hannu.